Ranar da Jirgin Yaya Ya Hau Ruwa

Mu mutanen tudu ne. A ƙauyenmu da ke yankin Sule Tankarkar, ruwa abu ne da ake jawowa daga rijiya mai zurfi, har sai an ɗaura wa sa igiya ya yi nisa kafin guga ya iso baki, kuma duk yaron da ya zubar da shi a banza ya san abin da zai biyo baya. Babban ruwan da na sani ina ƙarami shi ne kududdufin bayan gari, wanda yake cika da damina ya ƙafe tun ba a gama sussuka ba. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san irin mutanen da suka shiga jirgi a ranar da zan ba da labarinta, kada ya yi mana dariya fiye da yadda muka cancanta.

Gidanmu gidan Fulani ne da suka zauna wuri ɗaya, ana noma ana kiwo, ana Fulatanci a cikin gida ana Hausa a kasuwa. Yayana shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, kuma wanda ya tashi a gida irin namu ya san nauyin wannan. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarmu, ita ya tashi yana kira Inna. Wadda ta haife shi kuwa Adda yake ce mata, kamar wata babbar yayarsa. Ita kuma ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. Idan ta so ambatonsa sai ta ce "wancan". Bayan ya koma zama a fadama sai ya zama "na ruwa".

Ni ne ɗan aiken da ke tsakaninsu tun ban gama iya ɗaura wando ba. Idan ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki ta juya fuska ga bango, ni ina tsaye a dokin ƙofa. Ya ce in gaya wa Adda ya zo. In juya in gaya mata. Ta ce in tambayi wancan ko ya ci abinci. In juya in tambaye shi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon tabarma ba, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, amma dole magana ta bi ta bakina. Haka muka yi ina yaro, haka muka yi bayan na gama makaranta na kama aikin rubutu da ajiye takardu a Gumel, haka muka ci gaba har furfura ta fito masa a gemu.

Ba na raina al'adar iyayena, kuma na san kunya ado ce. Amma tun da na ɗauki alƙalami dole in rubuta abin da na gani: na ga dattijo a durƙushe yana jiran kalma ɗaya daga uwar da ta haife shi, na kuma ga uwar tana danne kalmar a ƙirjinta. Na taɓa kai maganar gaban manyan gidanmu, suka ce boko ne ya cire mini ta ido. Na kai ta gaban wani malamin tsangaya da nake girmamawa, ya ce addini bai ɗora wa kowa wannan ba, al'ada ce, amma in bi a hankali domin ba a gyara tsohuwar katanga da ƙafa. Na bar maganar, sai dai ban taɓa gamsuwa ba.

Yadda ya zama mutumin ruwa kuwa ba wani abin mamaki ba ne. A wata shekara da damina ta yi gardama, ya kora ragowar shanunmu zuwa fadamun da ke gabas da Haɗeja domin su sami ciyawa. Shanun suka dawo a hannun wani, shi bai dawo ba. Ya zauna cikin masunta, ya koyi kamun kifi da taru da koma, ya yi aure a can, daga baya ya sayi ƙaramin jirgi mai inji da yake kai ɗanyen kifi bakin hanya kafin rana ta ɓata shi. Danginmu ba su yafe masa wannan ba. Bafulatani da kamun kifi, in ji su, abin kunya ne. Idan ya zo salla sai a riƙa toshe hanci a bayansa ana cewa ƙarnin kifi ya iso gari. Waɗannan masu toshe hancin, da idona na ga matansu suna layi a ƙofarmu da ƙwarya idan an buɗe kwandon bandar kifin da ya kawo. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

A shekarar da ƙafafun mahaifiyarmu suka fara kumbura, na kawo ta Gumel likita ya duba ta. Ya ja ni gefe ya yi mini bayanin zuciyarta, na fahimci abin da bai faɗa ba. Ita ma ta fahimta, ko da yake ba ta jin Turanci. Muna komawa gida, tana zaune tana tsince wake, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba tana so ta ga ruwan nan da ake ta faɗa, wanda aka ce ba a hango ƙarshensa. Ba ta ce tana son ganin kowa ba. Ruwa ta ce. Ni kuwa na san ba ta da wata harka da ruwa, matar da ko kududdufi ba ta yarda jikokinta su kusanta.

Daga ranar ta shiga tara kaya. Kaka ta yi, sabon gero ya shigo, ta sa aka auna buhuna. Ta aika wa ƙanwata da ke aure a Gagarawa ta turo riɗi da wake. Ta tara man shanu har ya cika babbar jarka, ta daka kuka, ta shanya kuɓewa. Ranar kasuwar Maigatari ta ce sai ta je da kanta, duk da ƙafafun. Ta ratsa kara tana shafa bayan raguna, ta tsaya kan wani fari mai baƙin kai da wani mutumin Damagaram ya kawo, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta ce wannan. Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa kayan sun yi yawa ga tafiya irin wannan. Ta ce ba na ofis ba ne balle in yi musu ƙa'ida.

Muka kama hanya da sassafe, daga Gumel zuwa Haɗeja, daga can muka sake wata motar da ta bi da mu ta burji har inda hanya ta ƙare. Ragon ya sha wahala a bayan mota, mu ma haka. Da muka sauka, sai ga ruwan shimfiɗe a gabanmu, ya shiga cikin ciyayi ya fita, ya kewaye gorubai, ya tafi har inda ido ya gaza. Mahaifiyata ta tsaya ta dube shi na ɗan lokaci, ta yi salati a hankali, sannan ta fara waige-waige. Ba ruwan take nema ba.

Wanda ya fara tarar mu wani tsohon Babarbare ne da ke zaune a inuwa yana ɗinkin taru. Yana ganin kitsonta da zanenta ya gane Bafulatana ce, sai ya washe baki, domin tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni. Ya ce yau ga baiwarsa ta kawo masa gaisuwa, har da rago, Allah ya yi mata albarka, a ɗaure shi can gindin bishiya. Ta ce ai ko ƙahon ragon ya fi ƙarfin gadonsa, ya ci gaba da ɗinke tsummansa. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin ruwan da ya wuce cikin ƙwarya. Ta ce ta ga nono da ya fi wannan yawa, kuma shi ba ya warin kwaɗi. Mutanen wurin suka yi ta dariya. Haka take da kowa, bakinta kamar reza, ba a kayar da ita a zance. Mutum ɗaya ne tak a duniya yake sa ta zama kurma.

Shi kuwa ya taho daga bakin ruwa da wando a naɗe zuwa gwiwa. Yana hango ta ya cire hula ya durƙusa a cikin laka, nesa kaɗan. Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarta, ta ja mayafi ta juya gefe. Ya ce in gaya wa Adda sannu da hanya. Ta ce in tambayi na ruwa ya iyali. Na yi aikina.

Jirgin nasa ƙarami ne, ba na katako ba, irin mai santsin jiki da suke kira faiba, ya saye shi na hannu. Tsawonsa bai fi a jera jakuna uku ba. A gindinsa akwai allo mai kauri inda aka maƙala injin, da ɗan benci inda matuƙi yake zama ya riƙe hannun injin. Akwai wani bencin a tsakiya, sai wani ɗan wurin zama a can goshi. Tungar da yake zaune tana da nisa cikin ruwa, don haka ya ɗauki jarka ya tafi sayo fetur, ya ce mu jira shi.

Ba mu jira ba. Yana ba da baya mahaifiyata ta kira masu dako ta fara ba da umarni. Duk buhun da aka ɗauko sai ta nuna gindin jirgi, kusa da injin, inda zai zauna. Gero can, wake can, riɗi can, jarkar man shanu can, har ragon ta sa aka ɗaure shi a jikin bencin baya. Ni ban ga laifin haka ba. Mu da muka saba da amalanke da manyan motocin Maigatari, abin da muka sani shi ne nauyi yana zama inda ƙarfi yake, kuma a jirgi ƙarfi yana wurin inji. Ita kuma tata hujjar daban ce, ban gane ta ba sai daga baya. Tsohon Babarbaren ya ɗaga murya ya ce wannan lodi na mutanen tudu ne, jirgi ba jaki ba ne da ake ɗora wa kaya a kuturi, a mayar da su gaba. Amma da yake tun isowarmu bai faɗi magana ɗaya ta gaskiya ba, sai ta ɗauka wannan ma tsokana ce. Ta ce ya bari sai ranar da ya mallaki buhu ɗaya sannan ya koya wa mutane inda ake ajiye shi. Ta tattare zanenta, na riƙe hannunta, ta shiga ta wuce can goshin jirgi ta zauna, ta ba wa baya baya.

Da yayana ya dawo ya ga lodin, na ga ya tsaya. Ya dubi kayan, ya dubi ƙeyarta, ya dubi mutanen da suka zuba ido suna jiran abin da zai ce. Ya bar kayan yadda suke. Gyara lodin a gaban jama'a daidai yake da ya ce ta yi kuskure, shi kuwa ya gwammace ya sha dariyar abokan sana'arsa. Ya raɓa ta tsakanin buhuna ya zauna, ni na zauna a bencin tsakiya, ya tura mu da gora har muka fita daga ciyawa, sannan ya ja igiyar injin.

A nan dole in yi bayanin abin da ni ma sai a ranar na san shi. Jirgi irin wannan yana da tafiya iri biyu. Akwai wadda yake nutse cikin ruwa yana ture shi da ƙirji kamar garma a cikin laka, yana shan mai yana nishi, ba ya sauri. Akwai kuma wadda, idan ya sami isasshen gudu, yake ɗagowa ya kwanta a saman ruwan yana sulɓi. Masu jirgi suna cewa ya hau ruwa. Tsakanin biyun akwai wani ɗan tudu na ruwa da jirgin yake tarawa a gabansa da kansa, kuma sai ya haye shi kafin ya sami sauƙi. Fetur ɗin da ya sayo na jirgin da ya hau ruwa ne. Idan aka tafi ana ture ruwa kamar garma, zai ƙare a tsakiyar hanya, ga rana ta take, ga tsohuwa marar lafiya a zaune ba inuwa.

Da muka shiga buɗaɗɗen ruwa ya murɗa hannun injin. Injin ya yi ruri, gindin jirgin ya ƙara nutsewa, goshin ya ɗaga sama har mahaifiyata ta koma kamar wadda ke zaune a kan raƙumin da ke miƙewa. Ta dafe gefe da hannu biyu, ba ta yi ko tari ba. A baya kuwa ruwa ya taso daf da leɓen allon injin, yana fantsamowa kan buhunan gero. Ragon ya yi ta kuka yana zamewa. Muka yi ta turawa a haka, ƙara mai yawa, tafiya kaɗan. Ya rage wuta, ya ɗaga ƙafar injin ya cire ciyawar da ta naɗe farfela, ya zare wani ƙarfe da ke tokare injin ya mayar da shi ramin ƙasa domin ƙafar ta matso jikin jirgi, ya kwarfe ruwan da ya shigo. Ya sake gwadawa. Goshin ya ɗan sauko, jirgin ya yi kamar zai haye, ya yi rawa a kan tudun nan, sannan ya koma ya zauna.

Sai ya kashe injin. Shiru ya sauko, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar jikin jirgi da kukan kirinjijiya daga nesa. Mun yi nisa da bakin gaɓa, babu mai kallonmu. Ya share fuska da hularsa, ya ce in gaya wa Adda, cikin girmamawa, kayan nan sai sun koma gaba. Na juya na faɗa, ko da yake ta ji.

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Gaya masa kaya suna wurin mai su."

A lokacin na gane. Shekara da shekaru ba ta iya miƙa masa ko ƙwaryar fura da hannunta ba. Abin da ta iya shi ne ta tara duk abin da ta mallaka ta jibge a ƙafafunsa.

Ya daɗe yana kallon buhunan. Sannan ya ce in gaya mata ya gani, ya kuma gode, amma jirgi ba zai tashi a haka ba. Ko dai kayan su koma gaba, ko mu juya a sauke rabi a bar wa tsohon nan ajiya. Ta ce in gaya masa ko ƙwayar gero ɗaya ba za ta kwana a hannun Babarbare ba. Ya ce to, in gaya mata idan kaya suka koma gaba, wurin zamanta za su cinye, bencin tsakiya ma haka. Bai ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa masa ba. Kowa ya san wurin da zai rage.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Jirgin yana ta juyawa a hankali da iska, ganyen bado yana wucewa ta gefenmu. Can sai ta miƙo mini hannu. Na tashe ta, muka yi ta dabara a cikin ɗan wurin nan, ita tana matsowa baya, buhu yana wucewa gaba, jirgin yana tangaɗi. Ni da shi muka mirgina gero har goshi, muka jera wake da riɗi a bayansa, muka cusa jarkar man shanu a tsakani, muka ja ragon yana turjewa muka ɗaure shi a tsakiya, har tankin fetur ya tura gaba iyakar tsawon tiyonsa. Da aka gama, ta zauna a ƙarshen bencin baya, a ɗofane, ta juya fuska ga ruwa, ta ja mayafi ya rufe gefen fuskarta. Tsakaninta da shi bai fi kamu ɗaya ba.

Na nemi in tsuguna a gabansu domin in ci gaba da aikina. Ya girgiza kai. Ya ce in hau can kan buhunan goshi in kwanta da ciki, yau dai tumbin ofis zai yi wa wani amfani. Na ce to wa zai riƙa kai magana? Ya ce jirgi ba ya hawa ruwa da ɗan aike a baya.

Na rarrafa na haye buhunan, na kwanta, amma na juyo da fuskata baya. Ya ja igiya. Wannan karon bai murɗa gaba ɗaya ba, ya bari jirgin ya fara tafiya, sannan ya ba shi wuta duka. Ƙarar ta cika mini kunne. Goshin ya ɗaga da ni, amma ba kamar ɗazu ba, na ji jirgin yana yunƙuri a ƙarƙashin cikina kamar sa da ke jan guga ya zo daf da bakin rijiya. Ya daɗe a wurin. Yayana ya sunkuyo gaba da dukan jikinsa, hannu ɗaya a kan injin. Mahaifiyata kuwa, da yake a ɗofane take kuma ba ta jingina da komai ba, sai na ga tana zamewa baya, wajen allon da ruwa ke fantsamowa. Na yi ihu, muryata ba ta kai ko'ina ba.

Sai na ga ya juya ya dube ta. Na ga bakinsa ya motsa. Ita ma ta juyo. Ta saki mayafin, ta kama damtsensa da hannu biyu, ta sunkuya gaba yadda ya sunkuya.

Goshin ya sauko a hankali. Ƙarar injin ta sauya, ta yi sama ta yi laushi, girgizar ta ɗauke, ruwan da yake tare mu ya koma yana tsagewa gefe biyu fari fat. Iska ta bugi ƙeyata. Gorubai suka fara wucewa da gudu, balbelu suna tashi daga ciyawa a gabanmu. Jirgi ya hau ruwa. Ragon ma ya yi shiru.

Ba ta sake shi ba. Iska ta zame mata ɗankwali, furfurarta ta fito fili a gaban ɗan farinta, ba ta kai hannu ta gyara ba. Na ga ya ɗan sassauta hannun injin kamar yadda ake yi idan jirgi ya riga ya hau, sai na ga nata bakin ya motsa, shi kuma ya mayar da hannun inda yake. Daga nan na ga suna magana, ba da yawa ba, ita tana faɗa kusa da kunnensa, shi yana gyaɗa kai yana kallon gaba. Ni da na shafe rayuwata ina ɗaukar maganarsu, ni da aikina shi ne rubuta abin da mutane suka faɗa a taro domin kada ya ɓata, ina kwance a kan buhun gero ban ji ko harafi ɗaya ba.

Na lura mun wuce wata goruba mai reshe a karye, daga baya muka sake wuce ta ta ɗaya gefen, ashe zagaye yake yi da mu. Na yi niyyar in yi ƙorafin ɓarnar mai idan mun sauka. Da muka iso tungar injin yana tari, tankin ya kusa bushewa, amma na fasa ƙorafin. Yana rage wuta jirgin ya sauko ya koma cikin ruwa, ƙarar ta mutu, ita kuma ta janye hannunta, ta ɗaura ɗankwali, ta ja mayafi. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta ce in gaya wa na ruwa Allah ya yi albarka. Na gaya masa.

Mun yi 'yan kwanaki a can. Ta yi wasa da jikokinta, ta koya wa matarsa yadda ake gane man shanun da aka yi wa haɗi, aka yanka ragon. Tsakaninta da shi kuwa komai ya koma yadda yake, ni a dokin ƙofa. Raina ya sosu, na ce a zuciyata ashe abin na cikin ruwa ne kawai. Ranar komawa na san babu kaya, jirgi zai tashi ko ina ta zauna, don haka za ta koma goshinta. Da muka iso bakin ruwa sai muka tarar ya riga mu. Ya cika goshin jirgin da kwandunan banda, tarwaɗa da karfasa, ya jera wasu a bencin tsakiya, abin da gidanmu ba zai cinye ba ko a shekara, kuma ya fi kowa sanin ita ba ta cin kifi. Ta tsaya ta dubi kwandunan. Ba ta ba ni saƙo ba, shi ma bai ba ni ba. Ta tattare zanenta ta wuce bencin baya. Ni kuma na nemi wuri a cikin ƙarnin kifi na kwanta.

Bandar nan ta rabar da ita kaf a ƙauye, har gidajen masu toshe hanci, abin da ban so ba kuma na faɗa mata. Ta ce su ci, su san abin da na ruwa yake ci da iyalinsa.

Ba ta ga wata kakar ba, Allah ya yi mata rasuwa. Yayana ya zo jana'iza, ya shiga kabarin da kansa ya karɓe ta, babu wanda ya ce masa ɗan fari ba ya yin haka. Na bar maganar a cikina shekaru, ina ganin ba hurumina ba ne. Sai a wata salla da ya zo Gumel, muna zaune a ƙofar gidana bayan la'asar, yana ba ni labarin yadda ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwan, har wurin da muka yi gudun nan yanzu sai da gora ake ratsa shi, ya ce ya jingine injin a ɗaki domin babu filin da jirgi zai hau. Na ga idan ban tambaya a ranar ba, ba zan sake tambaya ba. Na ce me ya ce mata a lokacin da take zamewa.

Ya ce, "Cewa na yi, Inna, riƙe ni."

Na ce ita fa, da ya sassauta hannun injin?

Ya murza hularsa a gwiwa. Ya ce da Fulatanci ta faɗa, kuma da sunansa ta fara, sunan da aka raɗa masa ranar suna. "Ta ce kada in rage."

Sauran abin da suka faɗa bai gaya mini ba, ni ma ban nema ba. Muka zauna muna kallon masu babura suna wucewa zuwa Maigatari har aka kira magariba. Da ya tashi zai yi alwala, na ga ya zuba ruwan butar a tafin hannunsa kaɗan-kaɗan, yadda ake yi a garinmu.